Abin da Elkana Fondo Bai Gani Ba

A shekarar 1982 ne, cikin watan Mayu, Elkana Fondo da Mwalimu Baya suka fara haɗuwa. Ruwan sama ya yi mako uku yana zuba, ya cika bawon kwakwa da tsofaffin gwangwanaye a bayan kowane gida. Wurin haɗuwar kuwa tagar ɗakin gwajin jini ce, a asibitin mishan ɗinmu na kan tudu, tagar nan mai koren fenti da katako a gindinta, inda mutum ke ɗora hannu a huda masa yatsa. Elkana yana da shekara ashirin da bakwai, wata huɗu ke nan da kama aikinsa. Mwalimu Baya, wato Malam Baya, shi ne shugaban makarantar firamare, dogo, mai alƙalami biyu a aljihun riga, ja da shuɗi. Matarsa Dorkas ya kawo. Jikinta ya yi zafi rau, tana dafe da goshi, tana cewa bayan idanunta ne ke sara, ƙasusuwanta kuma kamar an daka su a turmi.

Elkana ya ɗiga jininta a kan gilashi, ya shafe, ya rina, ya bari ya bushe, sannan ya karkata madubin gwajinsa wajen taga, don a wancan zamanin da hasken rana ake aikin. Sistar da ta koya masa ta ce a duba wuri ɗari a kan gilashi kafin a ce babu maleriya. Ya duba ɗari biyu. Bai ga komai ba.

Ya kai takardar wajen tsohon ma'aikacin da ke duba marasa lafiya a lokacin, mutumin da ya fara aiki tun kafin a haifi Elkana. Tsohon bai ko ɗaga kai ba.

"Yaro, mutum ya biya shilin biyar, matarsa na rawar ɗari, ka miƙa masa farar takarda? Me zai je ya gaya wa mutanen gida? Sa gicciye ɗaya, in ba ta magani su tafi."

Haka ake yi, kowa ya sani. Idan mai gwaji ya ga ƙwayoyin maleriya kaɗan, sai ya zana ɗan gicciye ɗaya a takarda. Idan da yawa, biyu ko uku. Amma gicciye ɗaya ya daɗe da zama na fita kunya. Mutanenmu ba sa son su hau tudun nan su sauko ba tare da sunan ciwo ba. Wanda aka ce masa ba a ga komai ba, sai ya ce mai gwajin bai iya aiki ba, ko kuwa jininsa kawai ake so a kwasa. Elkana ya koma teburinsa, ya zana gicciyen, ya sa E.F. a ƙasa.

Aka ba Dorkas maganin maleriya da asfirin, aka sallame ta. Bayan kwana biyu zazzaɓin ya sauka. Ta tashi, ta yi wanki, har Mwalimu ya yi godiya a sujadar safe. Washegari dasashinta ya fara jini, hannuwanta suka yi sanyi. Ta rasu a cikin motar mishan, suna layin jirgin fito na Kilifi, don ba a gina gadar ba tukuna.

Mako guda bayan jana'iza, Mwalimu ya dawo tagar da takardar a hannunsa.

"Bwana Fondo, tambaya ɗaya gare ni. Wannan abin da ka zana, ka gan shi da idonka?"

Elkana ya ce, "Na gani, Mwalimu."

"To, na gode. Mutum yana so ya san sunan abin da ya shigo masa gida."

Ya ninke takardar biyu, ya sa ta cikin Littafi Mai Tsarki, ya tafi. Daga ranar Elkana ya san Mwalimu yana bin sa amsar gaskiya, kuma bai san ta inda zai fara biya ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a bayan tagar nan. Yana isowa ƙarfe bakwai da minti goma, ya jingine kekensa a gindin mangwaro, ya rataye rigarsa ta gida a ƙusa, ya sa farar. Ya auri Jumwa, 'yar mai kula da coci, suka haifi huɗu, duk suka tafi birni. Sistoci suka tsufa suka koma ƙasashensu. Aka kawo lantarki mai zuwa ya ɗauke. Madubin gwaji biyu suka mutu a hannunsa, tabaraunsa ya yi kauri sau uku, wuyansa ya sunkuya kamar na mai neman abin da ya faɗi a ƙasa. Amma bai sake zana gicciyen da bai gani ba, ko sau ɗaya. Saboda haka gari ya sa masa suna Mzee Ba-A-Gani-Ba, wato Tsoho Ba-A-Gani-Ba. Da aka buɗe wani shagon gwaji kusa da kasuwa, inda ba wanda ke fita hannu rabbana, kowa da maleriyarsa, wani har da taifot a kai, sai rabin mutanensa suka koma can. Bai yi musu da kowa ba. Ya gaji da musu tun da wuri.

Abin da ya fi gajiyar da shi ranar Lahadi ce. Mwalimu yana zama a benci na uku, bai sake aure ba. Ya saya wa gidansa gidan sauro tun ba a fara rabawa kyauta ba, yana koya wa yaran makaranta su kwana a ciki, yana ba su labarin matarsa. Bayan sujada yakan miƙa wa Elkana hannu ya ce, "Bwana Fondo, yaya idanu?" Elkana ya ce, "Suna nan, Mwalimu." Iyakar hirarsu ke nan.

Wata shekara aka tura Elkana kwas na kwana uku a Mombasa. A rana ta biyu wata likita ta yi musu bayanin zazzaɓin dengi. Ta ce ƙwayarsa ta yi ƙanƙantar da babu madubin da zai nuna ta, sai an kai jinin babban ɗakin gwaji. Sauron da ke kawo shi mai zanen fari ne a ƙafa, da rana yake cizo, a bawon kwakwa da durom ɗin ruwa yake haihuwa. Ta ce ranar da zazzaɓin ya sauka, ranar haɗari ke farawa, kuma asfirin da danginsa su ke buɗe wa jini hanya. In ana son a kama ƙwayar kanta, a ɗebi jinin cikin kwana biyar na farko, a kai shi da sanyinsa. Elkana ya sa hannu ƙarƙashin tebur yana ƙirga kwanakin Dorkas da yatsu. Da aka kawo abincin rana, shinkafa da nama, bai iya ci ba. Ya dawo gida bai gaya wa kowa ba, har Jumwa.

A damunar 2013 zazzaɓi ya cika gari, gilasan Elkana kuwa fes, ɗaya bayan ɗaya. Yana da shekara hamsin da takwas. Wata Juma'a da safe, wajen ƙarfe tara, aka turo takarda ta taga. Ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa. Dorkas Baya, shekara goma sha tara.

Jikar Mwalimu ce, mai sunan kakarta, ta zo hutu daga kwalejin malamai. Tana jingine da kafaɗar tsohon, idanunta a lumshe.

"Bwana Fondo, ga amaryata na kawo maka," in ji Mwalimu. "Ta ƙi dafa mini abinci, wai ciwo."

"Kaka, ka daina," ta ce a hankali. "Wa zai auri tsoho mai haƙori shida?"

"Bakwai. Na ƙirga da safe."

Elkana ya huda yatsarta. "'Yata, ina ke miki ciwo?"

"Bayan idanu, Mzee. Da gaɓoɓi duka."

Ya duba wuri ɗari biyu. Ya sake shafa wani gilashin, ya duba. Ya gwada da sabon abin gwajin nan na roba mai fitar da layi. Babu maleriya. Sai ya ɗibi jini daga jijiyarta, ya zauna ya ƙirga ƙananan ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, ɗaya bayan ɗaya, har idanunsa suka yi ruwa. Sun ragu fiye da rabi.

Ya leƙo ta taga. "Kwana nawa ke nan?"

"Uku," in ji yarinyar.

A nan wurinmu mutum yana ƙirga ciwo ne daga ranar da ya kwanta. Muddin yana iya ɗebo ruwa ko shara, a ganinsa lafiyarsa lau, gajiya ce kawai. Elkana ya san wannan, shi ya sa ya juya ga tsohon.

"Mwalimu, har yanzu kana rubuta abin da ya faru kullum?"

Mwalimu ya zaro ɗan littafi daga aljihu, ya lashi yatsa. "Ranar Laraba ta kwanta. Amma Litinin, ƙarfe huɗu na yamma: Dorkas ta ƙi kifi, ta ce kanta. Na taɓa goshinta, da zafi."

Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a. Yau ne kwana na biyar. Motar da ke zagayawa tana karɓar jinin da za a kai birni kuwa sai Talata.

Elkana ya rubuta a takardar, da manyan baƙaƙe, ba a ga maleriya ba, ya kai da kansa. Wanda ke duba marasa lafiya yanzu Daktari Mwakio ne, saurayi ɗan ƙabilar Taita, mai kirki, wanda ya ga mutum arba'in tun safe, wasu arba'in na jira a baranda. Ya karanta, ya dafe kai.

"Mzee, don Allah. Gado goma sha biyu gare ni, mutum sha biyar ne a kansu. Sa mini gicciye ɗaya, in ba ta maganin maleriya da allurar kashe ciwo, ta je gida ta huta. Duk wanda na yi wa haka jibi yana kasuwa."

"Ban gani ba, Daktari."

"Na sani ba ka gani ba! Kai ka taɓa ganin wani abu? Ko giwa ce ta kwanta a gilashinka, cewa za ka yi a sake ɗiban jini."

"In giwa ce zan rubuta giwa." Elkana ya ajiye ɗaya takardar, mai ƙirgen ƙwayoyin. "Kai ne likita, ni mai dubawa ne. Amma allurar nan da ke hannunka 'yar'uwar asfirin ce. Dubi wannan, sannan ka yi mata."

Mwakio ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ya mayar da sirinjin cikin faranti.

"Kana zaton abin nan ne da ake ta magana a Mombasa?"

"Zato dai. Sai jinin ya je ya dawo."

"Ya dawo yaushe? Bayan mako biyu? Kafin nan ta warke ko ta..." Bai ƙarasa ba.

"Shi ya sa za ka riƙe ta a nan. Ba allura, ba asfirin. Farasitamol da ruwa. Ni zan auna kaurin jininta safe da yamma. In zazzaɓin ya sauka, kada wanda ya yi murna."

"A ina zan kwantar da ita? A kaina?"

"Akwai katifa a sito. Ɓera ya ci gefe ɗaya, ɗayan gefen lafiyarsa lau."

Mwakio ya yi dariyar gajiya. "Mzee, ranar da ka yi ritaya zan yanka akuya."

"Ka gayyace ni."

Elkana ya koma ɗakinsa. Babu wuta tun asuba, firjin asibiti ya zama kabad. Ya ɗauko tsohon injin juya jini na hannu, wanda sistoci suka bari, ya yi ta murɗawa minti goma, kafaɗarsa na ƙara, har ruwan jinin ya rabu ya hau sama, rawaya kamar man gyaɗa. Ya tsiyaye shi a 'yar kwalba, ya rubuta suna da ranar fara ciwo, Litinin. Ya wanke fulas ɗin shayinsa, ya sauka kasuwar kifi.

Mama Kache ce ke da ƙanƙara, wadda motar kifi ke kawo mata daga Malindi. Tana hango shi ta ɗaga murya.

"Ku ɓoye hannuwanku, ga mai shan jini nan! Mzee Ba-A-Gani-Ba, yau me ba ka gani ba?"

"Ƙanƙara nake so, Mama. Cikin fulas ɗin nan."

"Kifina fa? Ya ruɓe saboda kai? Bara na zo maka kamar zan mutu, ka ce ba komai. Na sauka shagon can, nan take suka gano maleriya da taifot, har da wani abu na uku da na manta."

"Ga ki nan, ba ki mutu ba."

"Ba don kai ba!" Amma ta riga ta ɗauki adda tana fasa ƙanƙarar. "Ta wa ce?"

"Jikar Mwalimu."

Ta tsaya. Mwalimu ne ya koya mata rubuta sunanta. Ta cika fulas ɗin dam, ta ƙara wata a leda, ta naɗe da tsohuwar jarida. Ya sa hannu a aljihu, ta harare shi.

"Tafi, kada in fasa kanka da addar nan."

Elkana ya bar wa Mwakio abin gwajin roba, ya shiga matatu, ƙaramar motar haya mai zuwa Mombasa, ƙarfe ɗaya saura kwata, fulas a cinya, hannu biyu a kai. Mutum goma sha takwas ne a wurin sha huɗu, wata mata da kaji biyu a gefensa. Kwandasta ya leƙo.

"Mzee, shayi ne? A ɗan zuba mana mana, mu ma mu san mun yi fasinja mai arziki."

"Jini ne."

Matar ta janye kajinta. Daga nan har Mtwapa ba wanda ya matse shi, karo na farko a rayuwarsa da ya zauna a matatu gwiwoyinsa a sake. Amma hanya ta cushe a bakin gada. Ya ji ƙanƙarar ledar tana narkewa, ruwa mai ƙarnin kifi yana bin wandonsa. Yana duba agogo, yana duba motocin da suka tsaya cak. Ana rufe karɓar jini ƙarfe huɗu. Ya sauka tun ba a kai tasha ba, ya hau babur, abin da ya rantse wa Jumwa ba zai taɓa yi ba. Ƙarfe huɗu saura minti ashirin ya ajiye fulas ɗin a gaban wata budurwa mai farar riga.

Ta buɗe, ta yamutsa hanci. "Baba, jinin kifi ka kawo mana?"

"Taɓa ki ji."

Ta taɓa kwalbar. Da sanyinta. Ta karanta rubutunsa, ta ɗago ta dube shi. "Kai kaɗai ne yau ka rubuta ranar fara ciwo. Sauran duk sai mu yi ta waya."

Ya iso gida da faɗuwar rana, bayansa kamar an ɗaure shi da igiya. Jumwa ta shinshina wandon, ta jiƙa shi a bokiti.

Ranar Asabar da safe zazzaɓin ya sauka. Elkana ya tarar da Dorkas zaune a katifar, a kusurwar ɗakin mata, tana ɗaure kallabi.

"Mzee, na warke. Ka gaya wa Kaka mu tafi. Kayana duk sun yi datti, ina so in yi wanki."

Mwalimu yana kan kujera kusa da ita. Bai yi wasan amarya ba. Ya riƙe ɗan littafinsa da hannu biyu. Ya dubi Elkana, ya ce da ƙaramar murya, "Haka kakarta ta yi. Ita ma wanki ta ce."

Elkana bai iya haɗa ido da shi ba. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya kama hannun yarinyar.

"'Yata, ba inda za ki. Ko bayan gida, sai an riƙe ki. Mwalimu, a samo ruwan ɗanyar kwakwa. Kofi ɗaya kowace sa'a, ko tana so ko ba ta so. Ka rubuta abin da ta sha, ka rubuta sau nawa ta yi fitsari."

"Kai, Mzee!" in ji Dorkas. "Har wannan ma sai Kaka ya rubuta?"

"Da jan alƙalami," in ji Mwalimu.

Ranar Lahadi benci na uku ya zauna babu kowa, wurin Elkana ma haka. Da hantsi cikinta ya murɗa, ta tofa yawu da ja a ciki. Elkana ya auna, jinin ya yi kauri fiye da na jiya, alamar ruwansa na tsiyaya daga jijiyoyi. Ya aika aka kira Mwakio daga gida. Saurayin ya zo da silifas, ya ɗaura mata ƙarin ruwa, ya tsaya yana ƙirga ɗigon da agogonsa. Ba wanda ya yi maganar akuya. Sau huɗu Elkana ya huda yatsun yarinyar a ranar, har ta daina cewa wash. Kowane karo yana komawa ɗakinsa ya murɗa injin da hannu, ya dawo ya faɗi abin da ya gani, Mwakio ya ƙara gudun ruwan ko ya rage. Da la'asar awon ya tsaya wuri ɗaya. Hannuwanta ba su yi sanyi ba.

Litinin da safe ta nemi mahamri, wainar fulawar nan mai kwakwa, guda biyu, da shayi mai madara. Mwalimu ya fita sayowa, sai aka gan shi tsaye a gindin mangwaro kusa da keken Elkana, ya juya wa mutane baya, ya daɗe a haka.

Kwana goma sha biyu bayan tafiyar Mombasa, sakamakon ya iso a ambulan mai ruwan ƙasa. An sami ƙwayar dengi a jinin. Mwakio ya karanta sau biyu, ya kwashe alluran kashe ciwon nan daga teburinsa ya kulle a kabad, ya ce a nemo kular ƙanƙara mai kyau, don jinin da za a riƙa turawa zai yi yawa. Elkana ya kwafi sakamakon a littafinsa, ya rufe taga ƙarfe huɗu, ya tura kekensa zuwa gidan Mwalimu, don gangaren nan ya fi ƙarfin birkinsa yanzu.

Ya tarar an kife duk bawon kwakwar da ke tsakar gida, an rufe durom da buhu. Dorkas tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa, ta rame, amma bakinta ya dawo.

"Kaka, ga wanda ya mai da yatsuna rariya!"

Ta shiga ɗora shayi. Tsofaffin biyu suka zauna a baranda. Elkana ya miƙa ambulan ɗin. Mwalimu ya sa tabarau, ya karanta tun daga adireshin sama har sa hannun ƙasa, kamar mai duba jarrabawa.

"Dengi," ya ce. "Su sun gan shi ke nan."

"Sun gani."

Mwalimu ya mayar da takardar cikin ambulan. Elkana yana juya hularsa a gwiwa.

"Mwalimu, takardar nan ta dā. Tana nan?"

Mwalimu bai tambayi wacce ba. Ya shiga ɗaki, ya fito da Littafi Mai Tsarki, ya buɗe a Zabura. Takardar ta yi launin shayi, ninkin ya kusa raba ta biyu, amma ɗan gicciyen yana nan, da E.F. a ƙasansa.

"Ara mini jan alƙalaminka."

Elkana ya ɗora takardar a kan littafin, ya ja layi ɗaya a kan gicciyen, a hankali, don kada ta yage. A gefe ya rubuta: Ba a ga maleriya ba. Na duba wuri ɗari biyu. Ya sa E.F. Ya miƙa wa Mwalimu.

Mwalimu ya karanta. Ya ɗora ta a gwiwarsa. Daga kicin ana jin ƙarar cokali a kofi.

"To, mene ne ya ɗauke ta?"

"Ban sani ba, Mwalimu. Ina da zato, kai ma yanzu kana da shi. Amma babu jinin da za a gwada. Abin da na sani shi ne ban gani ba, kuma na ce maka na gani."

"Shekara talatin ina koya wa yaran mutane gidan sauro da sunanta."

"Gidan sauron ya yi musu amfani."

"Ya yi." Mwalimu ya cire tabarau, ya murza idanunsa da yatsu biyu. Sannan ya mayar, ya sake duba takardar, ya turo ta gaban Elkana, ya nuna ƙasan rubutun da farce.

"Bwana Fondo, ba ka sa kwanan wata ba."

Elkana ya karɓi alƙalamin, ya tambayi ko yau nawa ga wata, Mwalimu ya duba ɗan littafinsa ya gaya masa, Elkana ya rubuta. Mwalimu ya hura tawadar, ya ninke takardar yadda take, ya mayar cikin Zabura. Dorkas ta fito da tire, ta tambayi Elkana cokali nawa na sukari. Ya ce biyu, sannan ya jingina bayansa da bango, ya cire tabarau, ya rufe idanunsa kafin shayin ya huce.